Sarewa: Busar makiyaya da ba a cika ji ba

Sarewa na daga cikin tsofaffin kayan busa a ƙasar Hausa, sai dai ba ta samu ɗaukakar da kakaki da algaita suka samu a fadojin sarakuna ba.

A ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin jihar Kano, inda noma da kiwo ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, an fi saninta a hannun Fulani makiyaya da samarin karkara.

Yadda ake yin ta

Akan yi sarewa da karan dawa ko gora, wasu kuma kan yi amfani da bututun ƙarfe ko na roba saboda ƙarko.

Galibi huda huɗu ake yi mata. Mai busa kan ɗora leɓensa a bakinta, ya riƙe ta a ɗan karkace, yana toshe hudojin yana buɗewa da yatsu.

Idan ya ƙara ƙarfin numfashi sai sautin ya yi sama. Gwanaye kan haɗa da gunjin maƙogwaro, har a ji kamar mutum biyu ne ke busar.

Busar mutum guda

Ko da yake akan haɗa ta da ƙwarya a wajen biki, sarewa ta fi suna a matsayin abokiyar hirar makiyayi a dawa.

A can babu ganga, babu 'yan amshi, babu kuma ubangidan da za a wasa a samu kyauta.

Wannan ne ya sa ba ta shiga sahun kiɗan fada ko na sana'a ba, kuma da ka ake koyon sautukanta, ƙane ya ɗauka daga wa.

A Turai ma akwai irin wannan kiɗa na mabushi guda. Telemann na Jamus, wanda ya rasu a 1767, ya tsara guda 12, yayin da Debussy na Faransa ya tsara Syrinx a 1913.

Bambancin shi ne su an rubuta nasu, don haka har yau ana busa su.

Makomarta

A 1971, David Ames da Anthony King sun ambaci sarewa a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey ya kai sarewar Fulani manyan dandali na ƙasashen waje.

Amma a karkarar Kano, gonaki na ci gaba da cinye burtali, wayar salula ta zama abokiyar hirar matasan makiyaya, sannan mawaƙan birni kan kwaikwayi sautin sarewa da fiyano.

Saboda haka duk gwanin da ya rasu ba tare da an naɗi busarsa ba, yakan tafi ne da abin da ya sani.