Masu zunubi bakwai da dokar da ta kama masu faɗin gaskiya

A watan Janairun 1950 wakilan jami'o'in Amurka suka hallara a birnin New York domin yanke wa makarantu bakwai hukunci, waɗanda jaridu suka laƙaba wa suna masu zunubi bakwai. A cikinsu akwai Jami'ar Maryland da ke College Park, a gefen birnin Washington, da Jami'ar Virginia da wasu makarantu biyu na jiharta, sai Citadel da Villanova da Kwalejin Boston. Tuhumar ita ce suna bai wa 'yan wasan ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, tallafin da ya wuce abin da ƙungiyar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi. Aka nemi a kore su. Masu son korar suka samu ƙuri'a 111, masu adawa 93, amma ƙa'ida ta ce sai an samu kashi biyu cikin uku, don haka makarantun suka sha. Shekara guda bayan haka, a Dallas, aka soke dokar taƙaita tallafin. Galibi ana ba da wannan labari a matsayin ranar da kwaɗayi ya kayar da gyara. A ganina abin da ya faɗi a ranar tsari ne da ya jingina da mai laifi ya kai kansa ƙara, kuma tsari irin wannan, daga lokacin zuwa yau, mai faɗin gaskiya yake fara kamawa.

Matsalar ta girmi 1950 da nisa. Tun a 1905 Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House saboda raunuka da mace-macen da wasan ke jawowa, kuma daga wannan yunƙuri aka haifi ƙungiyar da ta koma NCAA a 1910. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoton da ya nuna cewa mafi yawan makarantun da masu bincikenta suka ziyarta suna tallafa wa 'yan wasa ta wata hanya, a fili ko a ɓoye. Kowa ya karanta, kowa ya girgiza kai, aka ci gaba da harka. Sai a 1948 NCAA ta kafa dokar da ta raɗa wa suna Sanity Code, wadda ta ce ɗan wasa ba zai samu komai ba sai kuɗin makaranta, shi ma sai in mabuƙaci ne, ta hannun ofishin da ke tallafa wa sauran ɗalibai. Babu kuɗin ɗaki, babu cikakken kuɗin abinci, kuma koci ba zai je gidan yaro ya yi masa tayin kuɗi ba. Hukunci ɗaya tak aka tanada, kora. Hanyar gano mai laifi kuwa ita ce wani ƙaramin kwamiti ya aika wa makarantu tambayoyi, su amsa da bakinsu.

A nan gizo yake saƙar. Manyan jami'o'in arewa da na tsakiyar ƙasar suna zaune cikin birane masu arziki, suna da tsofaffin ɗalibai masu kamfanoni da masu riƙe da ofisoshin gwamnati, waɗanda za su iya sama wa ɗan wasa aikin da ba ya buƙatar gumi, a biya shi albashi, makaranta ta rantse ba ta ba shi sisin kwabo ba. Makarantun kudu, da yawansu a ƙananan garuruwa kamar Charlottesville, ba su da wannan kafa, shi ya sa suka fi son su ciyar da yaro su ba shi makwanci a fili, a rubuta a littafin kuɗi. Shugaban Jami'ar Virginia, Colgate Darden, wanda ya taɓa zama gwamnan jihar, ya fito ƙarara ya ce makarantarsa ba za ta iya bin dokar ba. Shugaban Maryland, Curley Byrd, ya miƙe a zauren taron ya tambaya ko Jami'ar Ohio State za ta iya jefa ƙuri'ar korar Virginia alhali tana da halin ɗaukar nauyin 'yan wasa ninkin-ba-ninkin na Virginia. Wakilai da dama sun san amsar, domin sun san abin da ke gudana a gidajensu. Makarantun da ke gaban shari'a su ne waɗanda ba su ɓoye abin da suke yi ba, waɗanda suka iya rufa-rufa kuwa suna zaune a kujerar alƙalai.

Mai musu zai ce Byrd ba waliyyi ba ne, kuma yana da gaskiya. Mutumin ya horar da ƙungiyar Maryland fiye da shekara ashirin kafin ya zama shugaban jami'ar, kuma ya ɗauki ƙwallo a matsayin hanyar ɗaga sunan makaranta da jawo kuɗi daga majalisar jiha. Ya kawo koci Jim Tatum a 1947, ya buɗe filin wasa mai ɗauke da sunansa, shi Byrd, a 1950. Da ƙungiyar yankinsu, Southern Conference, ta hana mambobinta zuwa wasannin ƙarshen kaka, Maryland ta yi kunnen uwar shegu, ta je New Orleans ta lallasa Tennessee da ci 28 da 13 ranar 1 ga Janairun 1952. Aka dakatar da ita tare da Clemson, sai suka haɗa kai da wasu makarantu suka kafa sabuwar ƙungiya, ACC, a 1953, shekarar da Maryland ta zama zakaran ƙasa. Byrd ya kuma tsaya kan raba farare da baƙaƙe; sai a 1963 Darryl Hill, ɗan birnin Washington, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Maryland wannan wasa, kuma saboda wannan tarihi aka cire sunan Byrd daga filin a 2015. Duk wannan ya tabbata. Sai dai son kan mai tambaya ba ya rushe tambayarsa, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata ta: a 1956 NCAA da kanta ta halatta cikakken tallafi, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, har da dala 15 a wata da ake kira kuɗin wanki. Zunubin 1950 ya zama ƙa'ida cikin shekara shida.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi wata hanya a cikin birnin Washington. Jami'ar Georgetown, wadda ta buga wasan ƙarshen kaka na Orange Bowl a 1941, ta ajiye babbar ƙwallo a 1951 ƙarƙashin shugabanta Fada Hunter Guthrie, saboda tsada da kuma yadda wasan ke karkatar da makaranta daga karatu. Jami'ar George Washington ta bi sahu bayan kakar 1966. Wannan amsa ce ta gaskiya, amma amsar wanda ya bar kasuwa ce, ba ta gyara awon waɗanda suka rage ba.

Hujja mafi ƙarfi ga masu kare tsarin ita ce NCAA ba kotu ba ce. Ba ta da ikon tilasta wa kowa ba da shaida ko buɗe asusun bankinsa, don haka ba ta da makawa sai ta dogara da makarantu su kai rahoton kansu da na abokan hamayyarsu, in ba haka ba masu kuɗi su saye kowane yaro mai hazaƙa. Hujjar tana bayyana dalilin tsarin, ba ta nuna yana aiki ba. A duba manyan abubuwan kunya. Jami'ar SMU ta Texas, wadda aka hana wasa ɗungurungum a 1987, tsohon ɗan wasanta ne ya tona asiri a gidan talabijin, kuma daga baya ya fito cewa shugaban hukumar gudanarwarta, Bill Clements, gwamnan jihar, ya amince a ci gaba da biya. A 2010 kuma aka tabbatar mahaifin ɗan wasa Cam Newton ya nemi kuɗi, har ana ambatar dala 180,000, domin ɗansa ya je Mississippi State. Makarantar ta sanar da ofishin ƙungiyar yankinsu tun watan Janairu, maganar ta kwanta har sai da 'yan jarida suka tayar da ita a Nuwamba. Newton ya tafi Auburn, NCAA ta ce ba ta da shaidar shi ko Auburn sun san da zancen, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta Heisman da kofin ƙasa, binciken kuma aka rufe shi a 2011 ba tare da an kama Auburn da babban laifi ba. Ba na cewa Auburn ta biya. Babu hujjar haka. Abin lura shi ne makarantar da ta kai rahoto ta rasa ɗan wasan, ta kuma sha zargin hassada, rahoton nata bai motsa komai ba sai da ya fita daga hannun hukuma.

Daga ƙarshe maganar ta koma Washington, inda ta soma. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara gaba ɗaya suka yanke, a shari'ar Alston, cewa NCAA ba za ta iya taƙaita tallafin da ya shafi karatu ba, kuma mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta nasa ra'ayin yana shakkar halaccin sauran ƙa'idojin hana biya. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya a California, Claudia Wilken, ta amince da sulhun kusan dala biliyan 2.8, wanda ya ba kowace babbar makaranta damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 kai tsaye a shekarar farko. Maryland, wadda tun 2014 take ƙungiya ɗaya da Ohio State, tana cikin masu biya. Sabon tsarin ya zo da sabuwar hukumar sa ido, kuma wannan karon nauyin kai rahoto ya sauka a kan ɗan wasan da kansa: duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 dole ya shigar da ita a tantance, kuɗin da aka miƙa masa ba takarda kuwa babu wanda zai gani sai in wani ya tona.