Hurumin Kotun Jiha da na Kotun Tarayya a Nijeriya: Darasi daga Shari'o'i Biyu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana wahalar da masu ƙara a ƙasar nan, watau wace kotu ce ke da hurumin sauraron mutumin da hukuma ta tauye wa haƙƙi. Asalin matsalar ya faro ne a 1973, lokacin da aka kafa Kotun Tarayya ta Kuɗin Shiga, wadda Tsarin Mulkin 1979 ya mayar da ita Babbar Kotun Tarayya. Shi kuma wannan Tsarin Mulki, a sashe na 236, ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi marar iyaka.

2.0 Shari'ar Shugaba Darman

A watan Janairu na 1980, Ministan Harkokin Cikin Gida ya ba da umurnin a kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman zuwa Chadi, bisa zargin cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne. A lokacin kuwa shi ne shugaban masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a Majalisar Dokokin Jihar Barno. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri. Mai Shari'a Oye Adefila ya gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, saboda haka sashe na 23 ya tabbatar masa da zama ɗan ƙasa, sashe na 38 kuma ya hana a kore shi. Ya soke umurnin, ya yanke masa diyyar Naira 350,000. A 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage diyyar, amma ta amince cewa kotun jiha tana da ikon hukunta Gwamnatin Tarayya a kan irin wannan batu.

3.0 Shari'ar Sarkin Muri

A 1986 Gwamnan soja na Jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur. Sarkin ya nufi Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, yana kukan cewa ba a saurare shi ba kafin a tuɓe shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tushen ƙarar sha'anin sarauta ne, wanda yake na jiha, don haka kotun tarayya ba ta da hurumi a kansa. Wannan ya yi daidai da ra'ayinta na 1983 a shari'ar Bronik Motors da Bankin Wema, inda ta taƙaita kotun tarayya ga abin da doka ta ambata mata kawai. Shekara uku ke nan suka shuɗe a kan gardamar hurumi.

4.0 Kammalawa

Dokar soja mai lamba 107 ta 1993 ta juya wannan ma'auni, ta danƙa wa kotun tarayya yawancin ƙararrakin da suka shafi Gwamnatin Tarayya da hukumominta, sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya gaji wannan tsari. A ganinmu, abin lura shi ne Shugaba ya sami gaskiyarsa a kotun garinsu, alhali Sarkin Muri ya rasa damarsa saboda ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Duk gyaran da za a yi wa hurumin kotuna, wajibi ne a fara auna nisan da mai ƙara zai taka da shekarun da zai jira.