Daren da rufin ƙarfe ya rufta a Shikago

1/ Jiya a hostel muka yi musu da wani abokina. Wai shi ginin ƙarfe ba ya jin gobara, tunda ƙarfe ba ya cin wuta. Na ce masa mutanen Shikago ma haka suka ɗauka, har sau biyu. Ku biyo ni 🧵

2/ A watan Oktoba na 1871 gobara ta tashi a Shikago, a ƙasar Amurka, ta yi kwana biyu tana ci. Mutum kusan 300 suka mutu, kusan 100,000 suka rasa matsuguni, gine-gine sama da 17,000 suka ƙone. Yawancinsu na katako ne, wannan ba abin mamaki ba ne.

3/ Abin da ya girgiza magina shi ne gine-ginen da ake tallar cewa wuta ba ta cin su, masu ginshiƙan ƙarfen zubi, su ma sun tafi. Har ofishin jaridar Chicago Tribune, da ake alfahari da shi, bai tsira ba.

4/ Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san dalili. Maƙeri ba ya jira ƙarfe ya narke kafin ya lanƙwasa shi, ja kawai yake so ya yi. Ƙarfen gini sai ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa, amma tun a digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Gobarar ɗaki mai kaya tana wuce haka cikin sauƙi. Ga shi kuma yana miƙewa idan ya ji zafi, sai ya tura bango ko ya fizge mahaɗa.

5/ Maganin da suka samo: a yi wa ƙarfen riga. Irin su Peter Wight suka riƙa lulluɓe ginshiƙai da tubalin gasasshen yumɓu, don zafi ya daɗe kafin ya isa ciki. Da wannan dabarar aka samu ƙwarin gwiwar hawa sama. Home Insurance Building, mai hawa 10, ya tsaya a 1885 da ƙashin ƙarfe a ɓoye cikin bulo.

6/ Daga baya aka koma kankare, sannan feshi mai asbestos (wanda shi ma ya zo da cutar huhu, amma wannan zaren wata rana ne).

7/ Yanzu ga inda labarin yake ba ni haushi. A 1960 aka buɗe McCormick Place, katafaren zauren baje koli a bakin tafkin Michigan, a Shikagon dai. Ƙarfe da kankare, aka ce wuta ba za ta iya da shi ba. Ƙarafan da ke riƙe da rufin tsirara aka bar su, wai sun yi nisa da ƙasa, harshen wuta ba zai kai ba. Famfunan rufi masu fesa ruwa da kansu ma babu a babban zauren.

8/ Daren 16 ga Janairu 1967, an shaƙe zauren da rumfuna da kayan gida na baje koli. Wajen ƙarfe biyu wuta ta tashi a wata rumfa, ana zargin wayar lantarki. 'Yan kwana-kwana suka iso cikin tsananin sanyi, suka tarar wasu famfunan kashe gobara ba sa ba da ruwa.

9/ Ko awa ɗaya ba a yi ba rufin ya rufta. Harshen wuta bai buƙaci taɓa ƙarfen ba, hayaƙi mai zafi ne ya taru a sama ya gasa shi. Mai gadi ɗaya ya rasu. Ku yi tunanin da rana ce, zauren cike da 'yan kallo.

10/ A ganina ba jahilci ba ne. Garin da ya koya wa duniya yi wa ƙarfe riga shi ne ya cire ta, saboda lissafi ya nuna za a iya rage kuɗi. Da aka sake ginin a 1971, dubban kawunan fesa ruwa aka jera a rufinsa.

11/ Makon jiya na je biki a wani zauren taro a garinmu. Na ɗaga kai, ƙarafa tsirara, an naɗe su da yadin ado, wayoyin fitila na reto a jikinsu. Ƙofa biyu ce, ɗaya an jera kujeru a gabanta. Abokin nawa yana ta rawa, ni kuwa kusa da ɗaya ƙofar na ja kujerata.