Littattafan tarihi da na tsarin mulki a koleji da lise

A ƙasar Nijar, yaron da ya gama aji shida na firamare yana shiga koleji, inda zai yi shekara 4, daga ajin siziyam zuwa turwaziyam. A ƙarshe yana zana jarrabawar BEPC. In ya samu, sai ya wuce lise, ya yi shekara 3, ya zana jarrabawar bak. A dukan waɗannan shekaru 7 ana koya masa tarihi. Malami guda ne yake koyar da tarihi da labarin ƙasa, domin an haɗa su cikin fanni ɗaya. Akwai kuma darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, inda yaro ke koyon yadda ake tafiyar da mulki, da haƙƙinsa, da abin da ya wajaba a kansa.

Uwaye da yawa suna sayen littattafan nan ba tare da sun san abin da ke ciki ba, domin da Faransanci aka rubuta su. Amma wanda ya iya karatu da rubutu, ko da Hausa ce kaɗai, yana iya gane littafin da zai amfani ɗansa da wanda zamaninsa ya wuce.

Tsarin karatu da littafi

Abu biyu ne, kada a haɗa su. Tsarin karatu takarda ce ta hukuma. Ma'aikatar ilimi ce take fitar da ita. A ciki ake jera darussan kowane aji, da awowin da za a ba kowane darasi. Daga cikinta ake fitar da tambayoyin jarrabawa. Littafi kuwa kayan aiki ne da aka rubuta domin a bi wannan tsari. In tsarin ya sake, littafin yana iya zama a baya.

Babbar dokar da ta shata hanyar ilimi a Nijar ita ce wadda ake kira LOSEN, ta ranar 1 ga watan Yuni 1998. Akwai kuma cibiyar INDRAP a Yamai, wadda aikinta shi ne bincike a kan koyarwa, da rubuta littattafan ƴan makaranta da jagoran malamai. Mafi yawan aikinta ya shafi firamare. Littattafan tarihi da yawa da aka daɗe ana aiki da su a koleji da lise an buga su ne a Faransa, a kamfanoni irin su Hatier da EDICEF, domin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci gaba ɗaya. Saboda haka suna da faɗi a kan tarihin Afirka da na duniya, amma rabon Nijar a cikinsu kaɗan ne. Malami ne yake cike giɓin da darasin da yake rubutawa a allo, yara su kwafa cikin kaye. Inda littattafai suka yi ƙaranci, wannan kaye shi ne littafin yaro.

Yadda tarihinmu ya shiga aji

A zamanin mulkin mallaka, makaranta ta fi ba da ƙarfi ga tarihin Faransa. In an taɓo ƙasarmu, ana ba da labarin ne ta bakin waɗanda suka ci ta da yaƙi. Bayan samun ƴancin kai, ranar 3 ga watan Agusta 1960, aka fara gyara. A cikin shekarun 1960 ministocin ilimi na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka amince da sabon tsari, wanda ya sa tarihin Afirka a gaba. Daga nan yara suka fara karanta labarin daulolin Gana, Mali, Songai, Kanem-Borno da ƙasashen Hausa.

Ƴan ƙasa masana sun yi babban aiki a nan. Bubu Hama, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1982, ya tattara labaran baka na Zabarmawa, Songai, Gobirawa, Fulani da Abzinawa, ya rubuta littattafai masu yawa. Andre Salifu ya rubuta tarihin sarautar Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, da kuma littafi a kan yaƙin Kawusan. Jibo Hamani ya yi bincike a kan Adar da sarautar Agadas. Hukumar UNESCO kuma ta fara babban aikin rubuta tarihin Afirka a 1964. Ya fito cikin kundi 8 na farko, kuma masani Ki-Zerbo na Burkina Faso ne ya jagoranci kundi na ɗaya. Daga irin waɗannan ayyuka marubuta littattafan aji da malamai suke ɗibar abin da suke koyarwa.

Abin da yaro ke karantawa

Darasin tarihi yana bin zamani daki-daki. Ana farawa da mutanen farko da kayan aikinsu na dutse, da Masar ta dā. Sai zuwan Musulunci, da fataucin Sahara, da manyan dauloli. Sai cinikin bayi, da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, da zuwan Turawa. A azuzuwan ƙarshe ana karanta yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da yadda ƙasashe suka karɓi ƴancinsu.

Game da Nijar, ga wasu shekaru da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe:

1899: rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone garuruwa, ta yi kisa a Birnin Ƙwanni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu.
1916 zuwa 1917: Kawusan ya tashi yaƙi da Faransawa a Abzin.
1922: aka mai da Nijar ƙasar mallaka mai gwamnanta.
1926: aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai.
18 ga Disamba 1958: aka kafa jamhuriya.
15 ga Afrilu 1974: Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani.
1991: aka yi babban taron ƙasa, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba.

Littafin mulki yana tsufa da wuri

Littafin tarihin daulolin dā yana iya yin shekaru yana aiki, wa ya gama da shi ya miƙa wa ƙane. Littafin tarbiyyar ɗan ƙasa ba haka yake ba, domin abin da yake bayani a kai yana sakewa. Tun daga 1960 Nijar ta yi kundin tsarin mulki fiye da biyar. Na jamhuriya ta bakwai an sa masa hannu ranar 25 ga Nuwamba 2010, aka dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da sabon kundi na sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Akwai wasu sauye-sauyen. A watan Yuni 2023 aka sake taken ƙasa. A 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, irin waɗanda aka fara zaɓa a 2004, aka naɗa wakilai masu riƙo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023, kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata a watan Janairu 2025. Duk littafin da aka buga kafin waɗannan shekaru zai faɗi tsohon tsari kamar shi ne ke ci. Yaron da ya hardace shi haka nan yana iya kuskure a jarrabawa. Ba a jefar da irin wannan littafi. Ana karanta shi a matsayin tarihi, a nemi bayanin yau a wurin malami.

Wane ne ke ba da labarin?

Kowane littafi yana da wanda ya rubuta shi da inda ya tsaya yana kallo. Tsofaffin littattafan Turawa suna kiran cin ƙasa da yaƙi kawo zaman lafiya, alhali mutanen Lugu da Ƙwanni suna tuna shi da wuta da gudu. Haka labarin jihadi yake. A Sakkwato ana ba da shi ta fuskar waɗanda suka ci nasara. A Maraɗi da Tsibiri ana ba da shi ta fuskar sarakunan Katsina da Gobir da suka yi ƙaura, suka kafa sabbin birane, suka ci gaba da yaƙi. Ɗalibin da ya ji ɓangarorin biyu ya fi fahimtar abin da ya faru.

A kuma rarrabe littafin tarihi da ƙagaggen labari. Littafin Sarauniya na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980, an gina shi a kan abin da ya faru da gaske, amma marubucin ya ƙara da tunaninsa. Yana da daɗin karatu, sai dai ba a ɗaukar duk abin da ke ciki a matsayin hujja.

Kayan karatu ban da littafi

Taswira tana da muhimmanci, domin yaro ya ga inda dauloli suke da hanyoyin ayari. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, mai sunan Bubu Hama, an buɗe shi tun 1959. Fadar Sarkin Damagaram, da tsohon birnin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da kaburburan Bule da Shanuwan a Maijirgi kusa da Tasawa, duka wuraren karatu ne. Cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai suna ajiye tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci da muryoyin tsofaffi. A gida kuma akwai kakanni, da makaɗan fada, da malaman zaure, waɗanda suka san jerin sarakunan gari da shekarun yunwa da sunayensu.

Shawara ga uwaye

Kafin ku sayi littafi, ku tambayi malamin yaro sunan wanda ake aiki da shi a ajin.
Ku duba shekarar da aka buga shi. Tana a shafi na biyu ko a shafin ƙarshe.
In tsohon hannu ne daga kasuwa, ku bi lambobin shafuka, ku tabbata babu wanda ya ɓace.
In kuɗi bai isa ba, gida biyu ko uku suna iya haɗa hannu su sayi guda, yara su riƙa karɓa-karɓa.
Ku sa wa littafi riga ta takarda ko leda, ku ajiye shi nesa da ruwa da gara.
Ku riƙa duba kayen yaro, ku ga ko ranaku suna bin juna.
Ku ce wa yaro ya faɗa muku darasin ranar da Hausa. In ya iya faɗi, ya gane. In ya kasa, ya koma wurin malami.
A taron kwamitin kula da makaranta, ku tambayi adadin littattafan da aka kawo, da yadda ake ba yara aro, da yadda ake karɓar su a ƙarshen shekara.