Daga Samanja zuwa Ibro: abin da wani dattijo ya tuna mini a Ibadan

 Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Daren Asabar ɗin da ta wuce an ɗauke mana wuta, muka fito waje shan iska, hira ta kai mu kan abin da kowa ya kalla a talabijin yana yaro. Abokan karatuna Yarabawa da Ibo suka yi ta lissafo su Papa Ajasco da Super Story da Aki da Pawpaw, kowa na kwaikwayon wanda ya fi so, ana ta dariya. Da aka zo kaina na ce Ibro da Samanja. Wurin ya yi tsit, babu wanda ya taɓa jin sunansu. Sai ga dattijon da ke gadin ƙofarmu, Bayarabe ne, ya miƙe daga bencinsa ya ƙame ya sara, ya ce "Samanja!" Na ce, "Baba, ina ka san shi?" Ya ce a nan Ibadan suke kallonsa a shekarun 1980, kuma duk da Hausarsa ba ta wuce ta cinikin goro ba, ba ya yarda shirin ya wuce shi. Tun daren nake ta juya maganar nan a raina.

Bari in ɗan koma baya. A garin nan da muke zaune aka fara talabijin a Najeriya, a 1959, zamanin gwamnatin Awolowo. Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna. A 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, aka riƙa ɗaukar shiri daga wata tasha a nuna wa ƙasa baki ɗaya. Ta wannan hanyar wasan da aka yi a Kaduna ya shigo ɗakin Baba mai gadi a Ibadan, kamar yadda Zebrudaya na Enugu ya shigo ɗakin iyayenmu a Arewa.

Samanja, sunansa na gaskiya Usman Baba Pategi, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu. Ya yi aikin soja da gaske, ya kuma yi aiki da gidan rediyon Kaduna. Abin da ya sa ya yi fice shi ne bakinsa: Hausar bariki, ga Turancin buroka, ga tsawa, duk a jimla ɗaya. Kuma wannan Hausar tana da tarihinta. Tun 1863 da Glover ya kafa rundunarsa a Legas da ake kira ta Hausawa, har zuwa rundunar da Lugga ya ci Arewa da ita, Hausa ce harshen bariki. Batibi da Bazabarme da Ba'angashe da Banufe duk da ita suke karɓar umarni, kowa ya lanƙwasa ta yadda harshensa ya iya. Daga nan muka samu kofur da saje da manjo da fareti, har da ita kanta kalmar samanja. Wato mutumin ya ɗauko harshen da Bahaushen birni yake yi wa kallon gurɓatacce, ya sa shi a bakin mai ba da oda, wanda kowa a shirin yake shakka.

Ni dai gaskiya ban riski Samanja a ganiyarsa ba. Na Babanmu ne. Abin da na gani maimaici ne, kuma abin da na fi tunawa shi ne yadda Baba, mutumin da ba ka cika ganin haƙoransa ba, yake dariya har da hawaye, mu kuma muna dariyar dariyarsa. Haka yake ba mu labarin Ƙasimu Yero a Karambana da Magana Jari Ce, da Karkuzu na Jos, da Kuliya na Kano. A lokacinsu tasha ba ta kwana tana aiki. Sai la'asar ake buɗewa, a rufe da dare, wanda ya makara kuma sai wani makon.

Namu zamanin na kaset ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kafin shekara goma bidiyo ya ƙwace kasuwa daga hannun talabijin. Lokacin da na yi wayo a Tudun Wadan Kaduna, gida ɗaya ne a layinmu yake da bidiyo da janareto. Mukan cika tsakar gidan mutanen nan, takalma jibge a ƙofa, matar gidan ta ce duk wanda bai yi sallar magariba ba ya fita. Idan kaset ya sarƙe, a zaro shi a sa biro a naɗe, duk muna riƙe da numfashi. Manyan yayyenmu mata Sangaya da Wasila suke so, su Ali Nuhu da Fati Muhammad. Mu yara babu ruwanmu da soyayya, Ibro kawai muke jira.

Rabilu Musa Ɗanlasan gandiroba ne kafin ya koma wasa. Da jar hularsa ta bayyana, tun bai buɗe baki ba an fara faɗuwa. Kullum shi ne talakan da ke ƙulla dabarar da za ta fi ƙarfinsa: ya ci bashi, ya yi ƙarya, ya shiga rigar da ba tasa ba, a ƙarshe asiri ya tonu ya ranta a na kare. Gizo ne na tatsuniya aka sa wa hula. Duk abin da ake yayi a gari, sai ka ji an fitar da Ibro kaza. Kuma bai gama lafiya da hukuma ba, don a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta tace finafinai a Kano ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko. Ranar da ya rasu a Disambar 2014 ina sakandare ajin ƙarshe, na ga manyan mutane sun yi jugum a teburin mai shayi kamar an yi musu rasuwa a gida.

To ga abin da ya tsaya mini. A finafinan barkwancin da muka taso da su, da wuya ka rasa wanda aka sa ya yi Hausar Bagware ko ta Ibo ko ta Bayarabe don a yi dariya, kuma yawanci shi ne wawan fim ɗin. Mun yi dariya, wallahi mun yi, har muna kwaikwayo a makaranta. Da na zo nan na tarar su ma suna da nasu: a finafinan Kudu, Bahaushe shi ne mai gadin da ke buɗe ƙofa yana kwaɓa Turanci. Ran da na fara gwada Yarabancina a kasuwar Bodija, mai tumatir ta kira maƙwabciyarta ta ce in maimaita, suka yi ta tafawa. Ba da mugunta suka yi ba, har gyara ta ƙara mini. Amma a hanyar komawa na tuna wani yaro Bakataf da muka yi firamare tare, wanda muka laƙaba wa sunan wani ɗan wasa saboda yadda yake cewa "yarinya ya zo". Ya daina magana a aji gaba ɗaya. Sai a Bodija na san abin da muka yi masa.

Shi ya sa yanzu nake ganin girman Samanja fiye da da. Shi ma da karkatacciyar Hausa ya ba mutane dariya, amma ba a taɓa raina shi a kanta ba. Wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya kalle shi ya ga kansa, Bahaushe ya kalle shi ya ga sojan unguwarsu, Baba mai gadi ya kalle shi ya fahimci rabi ya cike sauran da dariya. Mu da muke zaune a garin mutane muna haɗa buroka da guntun Yarabanci don mu sayi gari, barikancin muke yi, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a Nuwambar 2023. Na duba YouTube a daren nan don in nuna wa abokaina, abin da na samu gutsattsari ne, hoto dishi-dishi, murya na rawa. Ƙannenmu da suka taso da Daɗin Kowa da TikTok ba su ma san an yi su ba. Don Allah wanda ya je hutu ya duba tsohuwar akwatin kaset ɗin gidansu kafin a zubar, ya kuma zauna da iyaye ya naɗi abin da suke tunawa a waya. Masu neman abin da za su yi bincike a kai a sashen tarihi ko harsuna ko aikin jarida, ga aiki nan yana jira.

Jiya na saya wa Baba mai gadi goro, na nuna masa ɗan guntun da na samu. Sau uku ya sa na maimaita masa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya yafe musu kurakuransu. Ku kuma wa kuka fi tunawa, kuma a gidan wa kuke kallo?