Musayar filaye tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa

Musayar filaye wata shawara ce da ake gabatarwa a tattaunawar shata iyakar dindindin tsakanin Isra'ila da ƙasar Falasɗinu da ake son kafawa. A ƙarƙashinta, Isra'ila za ta riƙe wasu yankuna na Gaɓar Yamma da Kogin Jordan inda ta gina manyan matsugunan Yahudawa, ita kuma ta miƙa wa Falasɗinawa wasu filaye daga cikin yankinta.

Ana fara lissafi ne daga Koren Layi, wato layin tsagaita wuta da aka zana a yarjejeniyoyin 1949. A yaƙin Yunin 1967 Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Zirin Gaza. Tun daga nan matsugunai suka yi ta ƙaruwa, har mazaunansu suka haura 700,000 idan aka haɗa da Gabashin Ƙudus. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2334, na Disambar 2016, ya ce matsugunan sun saɓa wa dokar duniya. Tunda galibin mazaunan suna kusa da Koren Layi, a wurare irin su Modi'in Illit da Beitar Illit, masu goyon bayan musayar na ganin ɗan gyaran iyaka zai rage yawan waɗanda za a kwashe.

A Disambar 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya ba da shawarar Falasɗinawa su samu kashi 94 zuwa 96 cikin ɗari na Gaɓar Yamma, tare da musayar kashi 1 zuwa 3. Daftarin Geneva na 2003, wanda Yossi Beilin na Isra'ila da Yasser Abed Rabbo na Falasɗinu suka jagoranta ba da sunan gwamnati ba, ya tanadi musaya daidai wa daida. A 2008 Firaministan Isra'ila Ehud Olmert ya nemi riƙe kimanin kashi 6 na Gaɓar Yamma, shi kuwa Shugaban Falasɗinawa Mahmoud Abbas ya amince da kashi 1.9. Shugaban Amurka Barack Obama ya goyi bayan layin 1967 tare da musaya bisa yardar juna a Mayun 2011, kuma wakilan Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa sun karɓi ƙaramar musaya a Afrilun 2013. Shirin Shugaba Donald Trump na Janairun 2020 ya bai wa Isra'ila kusan kashi 30, har da Kwarin Jordan, kuma Falasɗinawa sun yi watsi da shi.

Saɓanin ya wuce na yawan fili. Akwai batun inganci, domin an taɓa yi wa Falasɗinawa tayin rairayin Halutza da ke hamadar Negev a madadin tuddai masu gonakin zaitun da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma batun wuri. Matsugunin Ariel ya nutsa can cikin arewacin Gaɓar Yamma, don haka riƙe shi na buƙatar dogon zirin da zai ratsa garuruwan Falasɗinawa. Haɗa matsugunin Ma'ale Adumim da Ƙudus ta yankin E1 kuwa zai datse hanyar Ramallah zuwa Baitalahmi, ya kuma raba Gabashin Ƙudus da sauran yankin.

A 2004 ɗan siyasar Isra'ila Avigdor Lieberman ya nemi a haɗa da garuruwan Larabawa 'yan ƙasar Isra'ila, kamar Umm al-Fahm, a cikin musayar, amma mazaunansu sun ƙi. Zagayen tattaunawa na ƙarshe, wanda Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin John Kerry ya shiga tsakani, ya rushe a Afrilun 2014 ba tare da an amince da taswira ba.