Elmina: Sansanin Bayi a Bakin Teku da Hanyar da ta Haɗa shi da Kano

1/ Jama'a, ga zare kan Elmina da ke gaɓar tekun Ghana, inda na yi hutun kwana biyar. Yawancinmu in an ce cinikin bayi na tekun Atlantika, sai mu ga kamar labarin Turawa ne da mutanen kudu. To akwai sawun Bahaushe a labarin nan har wuri uku. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Daga Akra zuwa Cape Coast tafiyar kusan kilomita 150 ce ta yamma, daga nan zuwa Elmina kuma 'yar tazara ce. Garin masunta ne. Kwale-kwale masu fenti kala-kala sun cika bakin ruwan Benya, ƙaurin banda ko'ina. Can a kan dutse sai ga ƙaton farin gini, igwoyinsa na kallon teku.

3/ Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, ƙarƙashin wani kwamanda, Diogo de Azambuja. Shekara goma ke nan kafin Kolumbus ya isa nahiyar Amurka. A kudu da Sahara babu ginin Turawa da ke tsaye yau da ya girme shi. Mutanen garin kuwa Edina suke kiransa.

4/ Ba bayi suka fara nema ba, zinare ne ya kawo su. Suna kawo tufafi da kwanonin tagulla, su karɓi zinaren Akan. Har ma sukan sayo bayi daga yankin Binin, a Najeriyar yau, su kawo Elmina su sayar wa fataken Akan. Wato da farko shigo da mutane ake yi ta ƙofar nan.

5/ Abin ya juya ne da aka buɗe gonakin rake a Burazil da tsibiran Karibiyan. Noman rake aiki ne mai cin rai, kullum ana neman sababbin hannaye. Sai kuɗin mutum ya fi na zinare armashi. Ɗakunan ajiyar kaya na ƙasan ginin suka koma kurkukun 'yan Adam.

6/ A 1637 Turawan Holan suka ƙwace sansanin. Dabararsu ita ce hawa tudun da ke fuskantarsa, suka yi ta ɓarin wuta daga sama. Da suka ci nasara sai suka gina wani ƙaramin sansani a kan tudun, don kada wani ya yi musu abin da suka yi. Na hau tudun, komai na ginin a tafin hannunka yake.

7/ Cikin kurkukun mata kuwa, wallahi sai ka daure. Duhu, zafi, 'yar kafar iska guda can sama. A nan ake ci, a nan ake kwana, a nan ake biyan buƙata, wani lokaci har watanni kafin jirgi ya zo. Mu goma sha wani abu ne a ciki, minti biyar kowa ya jiƙe da gumi.

8/ Sama da farfajiyar matan akwai barandar gwamna, inda ɗan jagoranmu ya ce daga nan yake zaɓar wadda za a kai masa. A Cape Coast, sansanin Ingilishi, ɗakin ibadarsu a kan kurkukun maza yake. Ɗaki ɗaya a bisa ɗaya, dabe ne kawai tsakani.

9/ Ƙarshen rangadin ita ce ƙofar da ake kira Tafiya Ba Dawowa. Siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga Afirka, sama da miliyan ɗaya daga wannan gaɓa da Turawa suka kira Gaɓar Zinare.

10/ Yanzu ga tambayar da ta sa na yi zaren nan: daga ina mutanen suke fitowa? Turawan sansanin ba su da yawa, zazzaɓi na kashe su, ba sa iya kutsawa cikin ƙasa. Zaune suke suna jiran a kawo musu. Saboda haka sai mu juya wa teku baya mu bi hanya arewa.

11/ Zangon farko shi ne Assin Manso, inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su gaɓa. Gaba sai Kumasi, babban birnin Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. A ƙarni na 18 Asante suka rinjayi Gwanja da Dagomba, suka ɗora musu haraji, har da na bayi.

12/ Gwanja fa na ce. Eh, waccan ta goro. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, ƙarnin da aka gina Elmina. Ga sawu na farko: Bahaushe ɗan kasuwa.

13/ Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina, madugu na gaba, a yi watanni a hanya da jakuna. Ana kai kanwa, baƙaƙen rini da fatu, a dawo da goro. Babbar kasuwar ita ce Salaga. Amma a Salaga ba goro kaɗai ake ciniki ba. Babbar kasuwar bayi ce, kuma fatakenmu na cikin masu saye da sayarwa.

14/ A yi adalci a nan. Salaga ta fi bunƙasa a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta fitar da bayi a 1807, Holan a 1814. Bayin wancan lokaci yawanci gonaki da gidajen Asante da na kudu suka nufa. Jiragen sun ragu, amma cinikin mutum a cikin ƙasa bai tsaya ba.

15/ Sawu na biyu: Bahaushe a cikin sarƙa. Yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 sun jefa Hausawa da yawa hannun masu saye. Su an fi fitar da su ta Ikko da Wida, ba ta Elmina ba. A Bahia ta Burazil, bayi Hausawa sun shirya bore a 1807, sun kuma tayar a 1809 da 1814.

16/ Sawu na uku: Bahaushe da bindigar Bature. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa runduna a Legas, yawancinta bayi 'yan arewa da suka gudo daga iyayengijinsu. Aka kira su Hausawan Glover. Sojan Najeriya na yau daga nan yake ƙirga asalinsa.

17/ A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila Elmina. Asante suka ce ba su yarda ba, don ta nan suke samun bindiga da albarushi. A 1873 Ingila ta yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa ta ƙone shi. Filin da ke gaban sansanin yau, nan garin yake a da. A 1874 aka ƙone Kumasi, kuma da sojojin Hausa aka yi yaƙin.

18/ A 1896 Ingilishi suka kama Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, suka tsare shi a wani ɗaki a Elmina. Ana nuna ɗakin har yau. Daga nan aka kai shi Saliyo, sannan tsibirin Seychelles. Sai 1924 ya dawo gida. Masarautar da ta daɗe tana aika mutane ginin nan, sarkinta ma ya kwana a ciki.

19/ Salaga ita ma ta watse a yaƙin basasar 1892, Hausawanta suka bazu. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, babban malami da ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Fatake, malamai da tsofaffin sojoji su ne tushen unguwannin zango da yawa na Ghana. Shi ya sa za ka sayi shayi da Hausa a Kumasi.

20/ To ka gani, mun saya, an sayar da mu, mun kuma riƙe wa Bature bindiga. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar biyu ya rage mudu. Ba don a zargi kakan kowa na kawo wannan ba. Amma har yau a wasu gidajenmu ana hana aure saboda an ce kakan wane bawa ne. Wannan kam namu ne, ba na Bature ba.

21/ Ga mai niyyar zuwa: Ghana na cikin ECOWAS, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. UNESCO ta sa sansanonin nan cikin kayan tarihin duniya tun 1979. A ware wa Elmina da Cape Coast yini guda cur, a tsaya Assin Manso. Kuma don Allah a rage hoton dariya a cikin kurkukun, mutane sun mutu a wurin.

22/ In akwai 'yan zangon Kumasi, Nima ko Salaga a nan, ku faɗa mana abin da kuka ji daga bakin kakanni: daga wane gari suka taso, goro ne ya kawo su ko soja? Ku ajiye a ƙasa mu ƙaru da juna.